Haɗa Mota a Gida: Wace Iri Ce Ta Dace da Hanyoyin Tambuwal da Kebbe?

Mutumin da ya zana surar samfurin farko na motar Chevrolet Volt, wadda kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a birnin Detroit a 2007, asalin gidansu Dogon Daji ne, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. Jelani Aliyu ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a Birnin Kebbi, sannan ya tafi Amurka ya koyi zanen motoci, ya kammala a 1994. Daga 2017 zuwa 2023 shi ya shugabanci NADDC, hukumar da ke kula da tsarawa da bunƙasa ƙirar motoci a Nijeriya. Don haka idan yaro a Sanyinna ko Jabo ko Kuchi ya ce mota zai ƙera, babu mai hujjar yi masa dariya. Abin da ya dace a tambaye shi shi ne, me motar za ta ɗauka, kuma wace hanya za ta bi?

Haɗa mota a gida tsohuwar sana'a ce a wasu ƙasashe. A 1957 Colin Chapman na Ingila ya fito da Lotus Seven, yana sayar da ita a wargaje, mai saye ya kai gida ya ɗaura da kansa. Abin ya karɓu domin a lokacin harajin sayen sabuwar mota bai hau kan wadda aka saya gunduwa-gunduwa ba. Kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙirarta a 1973, har yau yana yin ta. A Amurka kuma, a 1964 Bruce Meyers ya fito da Meyers Manx, motar yawo a rairayi da aka ɗora kan kayan Volkswagen Beetle. Duk cikinsu ba wanda ya zauna yana ƙera inji ko giyabos ko birki da hannunsa. Suna zaɓar wata mota sananniya, su kwashi kayan cikinta, su gina sabon ƙashi da sabon jiki. Mu ma abin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin Fijo 504 da kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975 a cikin akwatuna take zuwa daga Faransa.

Sai dai Lotus Seven motar nishaɗi ce. Kujera biyu gare ta, nauyinta bai wuce rabin tan da kaɗan ba, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Duk wanda ya bar babban titin Sakkwato zuwa Jega ya nufi ƙauyukan Kebbe ya san irin wannan mota ba za ta kai shi ko'ina ba: yashi da rani, laka da damina, ga kwazazzabai. Abin da ke ci wa manomi tuwo a ƙwarya shi ne yadda zai fito da gero da dawa da shinkafa da albasa daga gona ko fadama zuwa bakin kwalta. Waɗanda suka fi kama da mu a wannan buƙata manoman Indiya ne da na Tailan. Sun daɗe suna ɗora injin dizal mai fistin ɗaya, irin na ban ruwa ko na huɗa, a kan ƙashi mai sauƙi da kayan tsofaffin motoci, su sami abin jigila mai tafiya a hankali. Ina ganin nan ya kamata matasanmu su dosa, maimakon ɓata ƙarfe da wata shida wajen kwaikwayon surar motar tsere da aka gani a waya.

A fara da ƙashi, wato shasi, domin komai a kansa yake zaune. Hanya uku ce. Akwai mai siffar tsani: dogayen ƙarafa biyu a kwance, an haɗa su da na gicciye, irin ta Hilux da manyan motoci. Akwai ta siraran bututu da yawa da ake haɗawa alwatika-alwatika, irin ta Lotus Seven, mai ƙarfi kuma marar nauyi. Ta uku ita ce ta Golf da Corolla da kusan duk ƙananan motocin yau, inda babu wani ƙashi daban, bodin ne kansa ke ɗauke da nauyi.

Wannan ta uku ita ke ruɗar mutane. Sai ka ga an samu Golf, an yanke rufin baya, an ce an yi a-kori-kura. Bodin irin wannan mota kamar ƙwarya yake: muddin tana cikakkiya za ta ɗauki kaya, amma da an ɓalle mata gefe, tsaga ta samu hanya. Rufi da ginshiƙan ƙofa suna cikin abin da ke hana motar murɗewa. Idan aka cire su ba a maye gurbinsu da ƙarfe ba, ƙofofi za su fara ƙin rufuwa, daga nan tsakiya ta lotsa. Ta bututun kuwa tana son walda mai tsabta a kan ƙarfe marar kauri, da teburin awo da zai riƙe kowane bututu a mazauninsa. Waldar ilektarod da janareto mai hawa da sauka sai ta ƙona bututun ko ta bar rami a ciki. Ga mai walda na Tambuwal, tsani ya fi. Yana da nauyi, amma yana yafe ƙaramin kuskure, ana iya auna shi da tef daga kusurwa zuwa kusurwa a tabbatar bai karkace ba, kuma idan ya tsage ana gani da ido. Mafi alheri ma shi ne a sayi ƙashin tsohuwar fikof daga hannun 'yan gwangwan, a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, a kankare tsatsa a duba shi ciki da waje.

Sai inji. Injin Golf mai lita 1.8 yana ba da ƙarfin doki 75 zuwa 90, kayan gyaransa suna ko'ina, kowane bakanike ya san shi. Injin dizal mai fistin ɗaya, irin wanda ke juya injin niƙa, babbansa bai cika wuce doki 20 da 'yan kai ba, ga girgiza ga ƙara. Mutum zai ce ai zaɓin a fili yake. Amma a yi lissafi. Tayar ƙaramar fikof tana cin kusan mita 2 a kowane juyi. Gudun kilomita 30 a awa mita 500 ne a minti, wato juyin taya 250. Injin dizal ɗin yana juyi 2,200 a minti, kusan ninki 9 ke nan. Duk ninkin da giya ta rage na sauri, ta mayar da shi ƙarfin ja. Shi ya sa ƙaramin inji zai ja buhu 10, tan guda, ya fita daga fadama, matuƙar ba a nemi ya yi tsere ba. Babban inji a kan ƙashin da aka haɗa a gida kuwa jaraba ne ga matashi mai ƙafa a kan totur. A nan rashin gudu kariya ne. Abu ɗaya dai a kiyaye: zafin watan Afrilu a ƙasar Sakkwato yana haura digiri 40, kuma motar da ke tafiya a hankali iska ba ta dukan lagiretonta sosai. A sa babban lagireto da fanka mai ƙarfi, a sa matatar iska mai kyau saboda ƙurar hunturu.

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, hankali ya koma kan lantarki, kuma da dalili. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya cire injinan fetur daga ƙananan bas-bas ya sa musu batir, daga baya ya gina tasa tun daga tushe. A 2021 an buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Motar lantarki ba ta da kafireto, ba filogi, ba canjin baƙin mai, kuma tana ba da ƙarfin ja tun daga tsaye. Matsalar tana wurin batir. Babban batirin sola na dalma, mai bolt 12 da amfiya 200, nauyinsa kusan kilo 60, kuma aikin da zai yi ko an tatse shi ƙarƙaf bai wuce na litar fetur guda ba. Tatsewar kuma tana kashe shi da wuri, zafi ma haka. Batirin litiyam ya fi shi nesa ba kusa ba, amma yana da tsada, kuma wanda aka harhaɗa daga tsofaffin ƙwayoyi ba tare da na'urar kula da caji ba yana iya kamawa da wutar da ke da wuyar kashewa. Ga mai zirga-zirga cikin gari da wurin caji tabbatacce, lantarki ya yi. Ga mai shiga ƙauye da lodi, dizal ne tukuna.

Wace taya za ta ja? Golf da gaba take ja, kuma wannan yana da daɗi ga mai haɗawa, domin inji da giyabos da shaf duk dunƙule suke wuri ɗaya. Amma da an loda buhuna a baya, nauyi ya bar tayoyin gaba, sai su yi ta juyi a yashi suna haƙa wa kansu rami. Ƙaya da kututture kuma suna yaga robar shaf, ƙasa ta shiga ta cinye shi. Mai jan baya lodi ƙara mata riƙo yake yi. Wannan na cikin dalilan da suka sa 504 ta yi suna a hanyoyin karkara. Haka zancen safirin: na ganye, da aksul guda miƙaƙƙe, yana da tsalle idan babu kaya, amma shi ke riƙe aksul a mazauninsa ba sai an ƙara wasu hannuwa ba, idan ganye ɗaya ya karye sauran za su kai ka gida. Na naɗi ya fi laushi, sai dai yana buƙatar lissafin da kuskuren yatsa ɗaya ke ɓatawa. Taya uku ta fi araha, ta fi sauƙin haɗawa, amma duk wanda ya ga keken ɗaukar kaya ya kife a kwana ya san kuɗin da ake biya. A sa huɗu, a buɗa tsakaninsu, a ajiye kaya masu nauyi a ƙasa-ƙasa.

Akwai wurare biyu da ba a yi musu dabara: sitiyari da birki.

Idan mota tana kwana, tayar ciki tana zagaya ƙaramar da'ira, ta waje tana zagaya babba, don haka dole ta ciki ta fi karyawa. Wani maƙerin keken doki a Munik, Georg Lankensperger, ya warware wannan, aka yi wa dabarar rajista a Ingila a 1818 da sunan Rudolph Ackermann. An lanƙwasa hannuwan sitiyarin kowace mota daidai da tazarar da ke tsakanin aksul ɗinta na gaba da na baya. Wanda ya ɗauki gaban wata mota ya tsawaita ko ya gajarta wannan tazara da yawa ya ɓata lissafin, tayoyi za su riƙa gogar ƙasa suna cinyewa. Mafi muni shi ne a yanke tayarod ko hannun sitiyari a yi masa walda don ya kai. Zafin walda yana canza halin ƙarfen, kuma irin wannan karaya ba ta sallama.

Birki kuma lissafinsa ba ya tausayi. Idan nauyi ya ninka, aikin birki ya ninka. Idan gudu ya ninka, aikin ya ninka sau 4. Motar da ta tsaya cikin mita 5 a gudun 20 za ta nemi kusan mita 20 a gudun 40, kuma ranar kasuwa mita 15 ɗin nan cike suke da mutane da dabbobi. Birkin da aka ciro daga ƙaramar mota ba zai tsayar da tan guda na gero a gangare ba: zai yi zafi, man ya tafasa, feda ta nutse. A ɗauko birki gaba ɗayansa daga motar da ta kai nauyin wadda ake ginawa da lodinta, ko ta fi. A yi amfani da masta mai layi biyu, irin wadda Amurka ta wajabta tun ƙarshen shekarun 1960, don idan layi ɗaya ya fashe ɗayan ya riƙe. Bututun ya zama na birki na asali, birkin hannu ya zama na waya mai zaman kansa. Araha ba ta ado, a nan kuwa rai take ci.

Ta fuskar doka, biyu daga cikin ƙasashen da muka ambata sun bi hanya daban. A Ingila ana kai motar da aka haɗa a gida wurin gwaji na hukuma, a auna birki da fitilu da sitiyari da kaifin gefuna, idan ta ci a ba ta lamba. A Indiya an bar abin kara zube shekara da shekaru, ba rajista ba inshora, ana ta haɗari, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2013 cewa waɗannan ababen hawa motoci ne a idon doka, ba za su hau titi ba sai sun cika ƙa'ida. Gara mu ɗauki hanyar farko tun abin bai yaɗu ba. NADDC tana da cibiyoyin gwaji a Zariya da Inugu da Legas, amma mai walda daga Kebbe ba zai ja motarsa zuwa Zariya ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato, da jami'ar da ke Aliero nan kusa, suna da injiniyoyin da za su iya fitar da zane guda ingantacce na motar gona, da awonsa da jerin kayansa cikin Hausa, a raba wa gareji-gareji. Jami'an duba lafiyar motoci na jiha kuma su ware ranar gwaji a Tambuwal, wadda ta ci a buga mata lambar shasi, a ƙayyade mata gudu da lodi, a hana ta ɗaukar fasinja.

Kafin hakan ta samu, nauyin yana kan iyayen gida a gareji. Ku da kuka koya wa yaran nan riƙe ilektarod, idan ɗayansu ya zo da burin mota ku ba shi fili da ƙarfe da shawara. Amma kada ku bari ta fita ƙofar gareji sai an loda mata cikakken kayanta, an gwada birkinta sau da yawa a filin da babu kowa, kun kuma shiga ƙarƙashinta da kanku kun duba kowace walda.