Ku Daina Yanke Wayar Ƙasa a Inbatar Burtsatse

Tun da wutar Kaduna Electric ta zama sai an ga dama, masallatai da makarantu da gidajen wanka daga Samaru har Sabon Gari suka koma famfon burtsatse mai sola. Sai ga sabon ƙorafi: da rana ta take, famfo ya tashi, lasifikar masallaci ta kama ƙugi, mai sauraron shirin rana na BBC a gajeren zango kuma ya ji shuuu kamar ana suyar ƙosai.

Inbatar famfon ce sanadi. Tana datse wuta tana sakinta sau 2,000 zuwa 16,000 a daƙiƙa, alhali wutar gari sau 50 take juyawa. Wannan datsewar ke haifar da hayaniya, doguwar wayar da ta gangara cikin rijiya kuma ta yaɗa ta a unguwa.

Abin da ya ishe ni shi ne ɗanyen aikin wasu masu wayarin. Bireka na yawan faɗuwa, sai mutum ya zaro filaya ya yanke wayar ƙasan nan mai kore da rawaya, ya ce ai ita ce ke kawo matsala, kuma ado ce kawai. Wallahi ba ado ba ce! Matatar hayaniyar da ke cikin inbata ta wannan waya take zubar da wutar da ta tace zuwa ƙasa. Birekan da bai dace ba ne ke ɗaukar wannan yoyon a matsayin haɗari. Ka yanke wayar, yoyon bai daina ba, hanya kawai ya sauya: ya bi jikin akwatin, ya bi bututun ƙarfe, ya bi hannun yaron da ya zo ɗibar ruwa ba takalmi, ƙasa a jiƙe. Ƙugin ma ƙaruwa yake yi. Ran wani za ka sa a caca don ka huta da zuwa kasuwa neman birekan da ya dace?

Mai gida, ka tsaya a kan aikinka. A kafa sandar tagulla a wuri mai danshi, a haɗa ta da gajeriyar waya mai kauri. Tsakanin inbata da famfo a sa waya mai rigar ƙarfe, a ɗaure rigar da ƙasa. Kada wayar makirufo ta bi bututu ɗaya da ta famfo. In dole su haɗu, su gicciye juna. Rijiya mai zurfi tana son matata a bakin inbata, in ba haka ba kwayil ɗin famfo ya ƙone tun bai tsufa ba. Ƙwan fitila da caja masu araha su ma suna ƙugi, sai a kashe su ɗaya bayan ɗaya a gane mai laifi.

Mai wayarin da ya ce maka wayar ƙasa ba ta da amfani, ka sallame shi tun bai buɗe jakarsa ba.