Bakinsa ya karkace na minti goma, sai ya warware: me ya faru a ƙwaƙwalwa?

Kwanakin baya a nan Agege, wani dattijo maƙwabcina yana cikin ciniki sai bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ɗaya ya saki. Kafin minti goma ya dawo garau. Jama'a suka ce iska ce. Ni dai hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na bi diddigin abin.

Likitoci na kiran wannan TIA, wato ƙaramar shanyewar ɓarin jiki. Gudan jini ne ke toshe hanyar jini zuwa ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, sannan ya wuce. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da haƙurin yunwa: kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai, babbansu shi ne glutamet. Da jini ya yanke, sai glutamet ya kwarara fiye da kima, ya wangale wasu ƙofofi da ake kira NMDA, kalsiyam ya yi ta shiga har ƙwayar ta mutu. Ɗan aike ya zama ajali kenan.

Sai masana suka ce, to a toshe ƙofar mana. A shekarun 1980 maganin MK-801 ya kare ƙwaƙwalwar ɓeraye. Amma da aka gwada irinsa, selfotel da aptiganel, a jikin mutane a shekarun 1990, ba su yi nasara ba, wasu ma ruɗewa suka jawo. A 2020 masu bincike na Kanada suka fitar da sakamakon gwajin nerinetide a kan marasa lafiya sama da 1,000, shi ma bai nuna fa'ida ga jimillarsu ba. Har yanzu ana kan nema.

Abin da ya tabbata shi ne gaggawa. Maganin narkar da gudan jini, alteplase, cikin awa huɗu da rabi ake ba da shi, bayan hoton ƙwaƙwalwa. Wanda ya yi TIA kuma, kwana biyun farko ne mafi haɗarin babbar shanyewar ta biyo baya.

Don haka ’yan uwa, ko alamar ta wuce, a nufi babban asibiti a ranar, kamar LUTH a Legas ko UCH a Ibadan. Kada cunkoson hanya ya sa a ce sai gobe. Mai hawan jini kuma ya riƙe maganinsa. Allah ya ƙara mana lafiya.