Siminti a ramin golf: rigimar ban-ruwa a Faransa

A watan Agustan 2022, lokacin da garuruwa sama da 100 a Faransa ke jiran motocin ruwa saboda famfo ya ƙafe, wasu masu fafutukar kare muhalli suka shiga filayen golf kusa da birnin Toulouse suka cike ramukan da siminti. An hana mutane shayar da lambun gida, an hana wanke mota, amma ga masu golf an bar musu ƙofa. Wa zai ga laifin mai fushi?

Sai dai abin da dokar ta yarje ba dukan filin ba ne. Ɗan dandalin nan ne da ke kewaye da rami, shi ma da dare, kuma kada ruwan ya wuce kashi 30 cikin ɗari na wanda aka saba. Dandalin daban yake. Ana aske ciyawarsa har sai tsayinta bai fi milimita 3 ko 4 ba, a kan yashi aka shimfiɗa shi, saiwarsa ba ta nisa. Kamar dashen barkono ne a jigawa: 'yan kwanaki ba ruwa, ya tafi, sabuntawa kuwa kuɗi ne masu yawa. Duka dandalai 18 da wuya su wuce hekta biyu a filin da ya kai hekta 50.

Inda ruwa ke salwanta shi ne sauran filin, kuma a nan ne wata gurguwar fahimta ta samu gindin zama: wai ciyawar da ta yi ja ta mutu. Ba ta mutu ba. Idan ƙasa ta bushe sai ciyawar ta daina fitar da ganye, ta tattara ƙarfinta a gindi, ta yi makonni a haka. Kiri-kirin da muke takawa da rani, wanda ke farfaɗowa da ruwan fari, dangoginsa ake shukawa a filayen golf na ƙasashe masu zafi. Manajan da ke kunna famfo a kan irin wannan ciyawa, idon mambobin kulob yake shayarwa, waɗanda suka saba ganin koren filin Augusta a talabijin.

Wasan kansa bai nemi haka ba. A 2006 Tiger Woods ya lashe gasar Open a Hoylake ta Ingila a fili jawur, ƙwallo na gudu a busasshiyar ƙasa, ba wanda ya ce gasar ta lalace. A Pinehurst ta Amurka, bayan gyaran 2011 da aka cire ciyawar gefe aka bar yashi da tsiron daji, ruwan da filinsu na biyu ke sha a shekara ya sauko daga galan miliyan 55 zuwa kimanin miliyan 15.

Hukumomin Faransa sun rubuta kashi 30 a takarda. Amma mai lambun da maƙwabta ke ganin tiyonsa ta kan katanga ya fi sauƙin kamawa a kan famfon da ake kunnawa ƙarfe biyun dare a bayan shinge.