Daga Awe Zuwa Zangon Kumasi

Mutumin Awe, garin gishiri, in ya fara fita fatauci zuwa Kumasi ta ƙasar Gana, ba abin da kan ba shi mamaki kamar Zango. Hausa ake yi a kasuwa, ga masallaci, ga tuwo, ga maigida da zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali. Har yakan manta ya ƙetare iyaka uku.

Amma dattawan Zango ba su manta ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Dakta Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice. Dubbai suka bar gidajensu da rumfunansu, har da waɗanda a nan Kumasi aka yanke musu cibiya.