Mai Sikila da Juna Biyu

Daga Gafasa zuwa sauran ƙauyukan Ajingi da Gaya, kusan kowace unguwa ta san gidan da ke da yaro mai amosanin jini, wato sikila: idanunsa sun yi ruwan ɗorawa, jikinsa bai kai na tsaransa ba, kuma da hunturu ya kama sai a kwana ana jin kukansa saboda ciwon ƙashi. A da, da yawan irin waɗannan yara ba sa kaiwa shekara biyar. Yau rigakafi da maganin zazzaɓin cizon sauro da ƙarin jini sun sa 'yan mata masu sikila suna girma, suna aure, suna samun ciki. Sai dai cikin nasu ba irin na kowa ba ne.

Ƙwayar jinin mai lafiya kewayayya ce, mai laushi, tana yin kwana kamar 120 kafin ta mutu. Ta mai sikila kuwa, da iskar da take ɗauke da ita ta ragu, sai ta tanƙware kamar lauje, ta yi tauri, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa mai cutar kullum cikin ƙarancin jini take, kuma duk inda jijiya ta toshe, nan ciwo yake tashi. Gado ne daga uwa da uba: idan dukansu AS ne, wato masu ɗauke da irin cutar, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila. An ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Turawa ma suna da tasu cutar gado mai bin wannan lissafi, wato sistik faiburosis, wadda ke cika huhu da majina mai kauri. A Birtaniya mutum ɗaya cikin 25 yana ɗauke da irinta. Matan da ke fama da ita sun fara haihuwa da yawa tun bayan fitowar maganin Trikafta a 2019, kuma galibi suna ƙarƙashin kulawar likitan huhu da likitan mata tun kafin cikin ya shiga. Wannan tsari na haɗa hannu shi ne abin da mai sikila a karkarar Kano ta fi rasawa.

Ciki yana ƙara wa zuciya aiki, yana ƙara buƙatar iska, yana kuma sa jini saurin daskarewa. Mai lafiya tana ɗauka ta wuce. Mai sikila kuwa da ma jikinta a kan iyaka yake. Laulayin farkon ciki kaɗai, da amai da ƙin shan ruwa, ya isa ya tayar mata da ciwo. Cutar mafitsara, wadda ke yawan kama masu ciki, ita ma tana tayar da shi. Mafi muni shi ne idan ciwon ya hau ƙirji: zazzaɓi, tari, numfashi sama-sama. A gida sai a ce sanyi ne ya kama ta, a dafa mata citta da kanumfari, alhali huhunta ne ke toshewa, kuma cikin kwana ɗaya ana iya rasa ta. Ga hawan jinin masu ciki da jijjiga, ga gudan jini da kan daskare a ƙafa ya tafi huhu.

Jaririn ma yana shan nasa. Mabiyiya cike take da ƙananan jijiyoyi, kuma idan suka toshe abinci da iska ba sa isa gare shi yadda ya kamata. Wani nazari da Eugene Oteng-Ntim da abokan aikinsa suka fitar a 2015, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe daban-daban, ya nuna haɗarin mutuwar mai SS a ciki ko haihuwa ya kusan ninka na sauran mata sau 6, haihuwar ɗa babu rai kusan sau 4, haihuwar bakwaini fiye da sau 2.

Waɗannan alƙaluma ba ƙaddara ce da ba ta sauyawa ba, kuma hujjar tana nan kusa, a Gana. A Asibitin Koyarwa na Korle Bu da ke Akara, a 2015 aka kafa tawaga ɗaya ta likitocin mata da na jini da na huhu da ungozomomi don masu sikila masu ciki. Ba wata na'ura mai tsada aka sayo ba. Ana auna iskar jininsu a kai a kai, ana sa su motsa huhu da busa balan-balan, ana kwantar da su inda idon ma'aikata ke kansu. Mutuwar iyaye mata ta ragu da kusan kashi 89 cikin 100. A Yunin 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta farko kan kula da masu sikila masu juna biyu.

Me wannan ke nufi ga matar da ke Gafasa? Abu na farko, kunyar cikin fari, wadda ke sa amarya ɓoye ciki har ya yi wata biyar, ba ta mai sikila ba ce. Awo ya kamata ya fara da ɓatan wata. Idan tana shan maganin sikila na haidiroksiyuriya, likita ya sani tun kafin cikin, domin galibi ana dakatar da shi. Za a ba ta folik asid kullum, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da ƙaramin asfirin daga mako na 12 don rage haɗarin jijjiga. Jar ƙwayar ƙarin jinin nan da ake raba wa kowace mai ciki a wurin awo kuwa, ba a ba mai sikila ita sai gwaji ya nuna tana buƙata, domin wadda aka sha yi wa ƙarin jini tana iya samun sinadarin ƙarfe ya yi mata yawa. Magungunan ciwo na kemis irin su dikilofenak suna iya cutar da jariri a ƙarshen ciki. Ta yawaita shan ruwa, musamman da bazara, ta kwana cikin gidan sauro, kuma idan azumi ya zo ta karɓi rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya da mai ciki.

Haihuwa a ɗaki, hannun ungozomar gargajiya, caca ce da rai biyu. Doguwar naƙuda tana ƙarar da ruwan jiki, kuma zubar jinin da wata za ta jure tana iya kai mai sikila kushewa. Asibitin da za ta haihu dole ya kasance mai jini a ajiye, da iskar numfashi, da ɗakin tiyata. Ƙaramin asibitin ƙauye zai iya yin awo, amma ya tura ta Babban Asibitin Gaya da wuri, ko a bi ta Wudil zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Ga wadda za ta tafi goyon ciki, hikima ce ta sauka wurin dangin da ke kusa da irin wannan asibiti.

Bayan haihuwa ma ba a fita daji ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta wankan jego da tafasasshen ruwa da yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego, balle ga zuciyar da ta saba wahala. Ruwa mai ɗumi ya wadatar.

A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da gwajin rukunin jinin gado. Dokar za ta rage yaran da za a haifa da SS, amma ba ta magance halin matan da ke ɗakin mazajensu da cutar a yanzu. Nauyinsu yana kan miji da uwar miji: a tanadi kuɗin mota, a san 'yan'uwan da za su ba da jini tun ciki yana ƙarami, kuma ranar da ta ce ƙirjinta na ciwo, a kai ta asibiti a wannan daren, kada a jira gari ya waye.