Ya Bar Ƙwaya, Amma Ina Zai Kwana?

A zangunanmu, daga Nima da Mamobi zuwa Aboabo a Kumasi, babu wanda bai san gidan da wiwi ko tiramol ta shiga ba. Idan Allah ya taimaki yaro aka kai shi asibiti irin na Pantang ya samu sauƙi, sai mu yi hamdala mu ce magana ta ƙare. Alhali ranar da aka sallame shi ne wahala take farawa.

Ina zai koma? A gida ana ɓoye masa makulli saboda abin da ya ɗauka a baya. Mai gidan haya kuwa yana neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ko da yake dokar haya ta 1963 ta tsaya a wata shida. Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce ta tsofaffin abokansa.

A 1975, a garin Silver Spring na Amurka, hukuma ta yanke shawarar rufe wani gida da masu barin giya suke zaune. Mazauna gidan, cikinsu har da wani lauya Paul Molloy, suka karɓi hayar da kansu. Asalin tsarin Oxford House ke nan. Sharuɗɗansa uku ne: mazauna su ne ke tafiyar da gidan ta hanyar ƙuri'a, kowa ya biya rabonsa na haya da cefane, wanda kuma ya koma shaye-shaye ya fita nan take. Ba a karɓar baƙo sai kashi 80 cikin ɗari sun amince. Maza da mata gidajensu daban, kuma ba a yanke wa kowa ranar tashi.

A 1988 dokar Amurka ta sa jihohi su tanadi rancen da bai wuce dala 4,000 ba don buɗe irin waɗannan gidaje, a biya cikin shekara biyu. Binciken Jami'ar DePaul na 2006 ya bi mutum 150: bayan shekara biyu, kashi 31 cikin ɗari na mazauna gidajen ne suka koma shaye-shaye, a waɗanda ba su zauna ba kuwa kashi 65. Tsarin ya iso Gana ma, inda aka buɗe gida a Oyarifa, gefen Ankara.

Mu 'yan zango, iyayenmu sun saba saukar da baƙon fatake a gidan mai gida, kuma mun iya adashi. Abin da ya rage shi ne sarakunan zango, limamai da ƙungiyoyin matasa su haɗa kuɗin hayar gida guda mai ɗaki uku ko huɗu, a bayar rance, mazauna su biya daga guminsu. Maƙwabta za su yi ƙorafi, shi ya sa ya kamata liman ya fara yi musu bayani tun kafin a kawo katifa ta farko. Allah ya shirya mana zuri'a.