Dafa Ruwa Da Zafin Rana: Bayani Ga Jama'a

A Agege, da Idi-Araba, da sauran unguwannin Hausawa na Ikko, magidanta da masu shayi suna kashe kuɗi masu yawa a kan kananzir da gawayi domin dafa ruwa. Alhali kuwa zafin rana kyauta ne. Tun 1891 Clarence Kemp ya fara sayar da tukunyar dafa ruwa da rana a Amurka. A nan Nijeriya ma, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan wannan fanni.

Yadda bututun gilashi ke aiki

Kowa ya san filas na shayi. Dabararsa, wadda James Dewar ya ƙago a 1892, ita ce kwalba biyu, ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu sarai. Da yake iska ce ke kwashe yawancin zafi, in babu ita sai zafin ya rasa hanyar fita. Haka bututun yake, sai dai an shafe na cikin da baƙin sinadari mai shan hasken rana. Ruwan da ya yi zafi yakan hau tanki da kansa, mai sanyi ya sauko. Saboda haka tilas tanki ya kasance sama da bututun.

Gargaɗi

Waɗansu sukan yi ƙoƙarin haɗa irin wannan bututu a gida da tsohon dogon ƙwan lantarki da injin firiji. Ana gargaɗin jama'a su guji wannan. Na farko, a cikin ƙwan akwai zaiba, guba ce mai lahanta ƙwaƙwalwa da ƙoda, musamman ga yara da masu juna biyu. Na biyu, gilashinsa ba shi da kauri, yana iya tarwatsewa a fuskar mutum. Na uku, injin firiji ba ya zuƙe iska yadda ake bukata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda zai sayi na masana'anta, ya dubi gindin bututun. In yana ƙyalli kamar azurfa, lafiyarsa lau. In ya yi fari, iska ta shiga, kada ya saya.

Abin da za a iya yi a gida

1. A sa kafinta ya yi akwati marar zurfi, a shimfiɗa garin katako a ƙasansa.
2. A ɗora kwanon rufi, a ɗaure bututun jan ƙarfe a jikinsa sosai, a shafa musu baƙin fenti.
3. A rufe da gilashin taga, a toshe kafofi.
4. A jingina akwatin kaɗan yana fuskantar kudu, inda babu inuwa.
5. A haɗa shi da tanki, a naɗe tankin da tsofaffin buhuna, a bar masa kafar fitar tururi.

Kada a zuba ruwan sanyi cikin bututun gilashi da ya gasu babu ruwa, zai fashe. A taɓa ruwa kafin a yi wa yaro wanka. Ruwan sha kuwa, sai an tafasa shi. Da damina, in hadari ya rufe Ikko, zafin zai ragu, amma duk da haka za a rage sayen kananzir.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.